Kwana 60 da raka'a biyu

Sakatare, ajiye rahoton taron da ya wuce tukuna, in lokaci ya bari ma karanta. Akwai maganar da ta fi shi gaggawa.

Wani ɗan uwanmu, ba zan kama suna ba, an soke lasisin kamfanin kula da tsofaffi da ya ɗauki nauyin bizarsa. Wasiƙa ta zo daga Ma'aikatar Cikin Gida ta nan Birtaniya: kwana 60, ko ya sami wani kamfani, ko ya tattara ya koma. Kun san tun 11 ga Maris 2024 aka hana sababbin masu wannan aiki zuwa da iyali, don haka matarsa da yaransa suna gida. Daga 22 ga Yuli 2025 kuma aka rufe ɗauko ma'aikatan daga waje, wato in ya tafi, ta wannan ƙofa dai babu dawowa. Ga bashin da ya ci ya zo. Ga tsohuwa ba lafiya. Kuma yau sama da mako uku ke nan bai nemi aiki ba, bai ga lauya ba. Ya tura kuɗi gida wai wani malami zai yi masa istihara, yana zaune da waya a hannu yana jiran a faɗa masa abin da aka gani a mafarki. Mako uku, jama'a, cikin kwana 60!

Istihara ba a aikenta. Mai buƙata shi yake tsayuwa gaban Ubangijinsa. Hadisin Jabir ɗan Abdullahi da ke cikin Buhari ya ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana koya musu ita kamar yadda yake koya musu sura. Ka yi alwala, ka yi raka'a biyu ba na farilla ba, ka yi sallama, ka ɗaga hannu ka karanta addu'ar da ta fara da "Allahumma inni astakhiruka bi'ilmika". In ka zo wurin "hazal amra" sai ka ambaci buƙatarka, abu guda, a fili: zamana a ƙasar nan, ko komawata gida. Wasu malamai sun so a karanta Ƙul ya ayyuhal kafiruna da Ƙul huwallahu, amma duk surar da ka iya ta wadatar. Wanda bai haddace ba ya karanta daga waya, babu laifi. Iyayenmu mata, wadda ba ta salla ta yi addu'ar kawai.

A kiyaye lokaci: ban da bayan Asuba har rana ta ɗaga, ban da bayan La'asar har ta faɗi. Masu aikin dare, hutun nan na cikin tsakar dare da kuke ƙarar da shi a kan Facebook, ku shimfiɗa darduma a ɗakin ma'aikata. Wanda ya sauka aiki da safe kuma, hantsi na jiransa.

A hadisin nan babu maganar mafarki ko ɗaya. Mutumin da ya kwana uku bai runtsa ba don damuwa, me zai gani in ba damuwar ba? Ka yi salla, ka yi shawara, ka kama hanya. Abin da Allah Ya zaɓa maka sai ka ga yana sauƙaƙa, wanda ba alheri ba sai ya toshe. In zuciya ba ta natsu ba ka maimaita gobe, amma kana yi kana cike takardun neman aiki.

Inda muke faɗuwa shi ne ƙarshen addu'ar. Kana cewa: in wannan abu sharri ne gare ni, Ka kawar da shi daga gare ni, Ka kawar da ni daga gare shi, Ka ƙaddara mini alheri duk inda yake, sannan Ka sa in yarda da shi. Ku saurari wannan da kyau. Da yawanmu mun riga mun yanke cewa zama za mu yi, so muke kawai Allah Ya sa hannu. In ƙofa ta rufu sai a ce "na roƙa, na roƙa, ba a amsa ba", alhali Annabi ya gargaɗe mu da wannan kalma ta gaggawa. Ka yi kuka a sujada, ka faɗa wa Allah kana tsoron bashi, kana jin kunyar sauka filin jirgin Malam Aminu Kano hannu rabbana. Annabi Yaƙubu ma cewa ya yi yana kai ƙarar baƙin cikinsa ga Allah ne kaɗai. Amma ka bar masa zaɓin da gaske. Ta yiwu alherinka yana can inda ladan zai tashe ka, yaranka su rungume ka ba ta bidiyo ba. Wallahi wani lokaci in hunturu ya kama, duhu tun ƙarfe huɗu na yamma, duk cikinmu babu wanda ransa ba ya can.

Allah Ya ce a yi shawara, in an ƙuduri niyya a dogara gare Shi. To, mu ne abokan shawararsa. Muna da ma'aikatan jinya a nan, muna da waɗanda suka san kamfanonin da ke da lasisi. Ƙungiyar da ta iya haɗa kuɗin kai gawa gida ba za ta kasa tallafa wa mai rai ba. A nema masa lauya mai rajista cikin makon nan, domin zarce wa'adi na iya ɓata masa duk wata biza ta gaba. Kuma na san ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda wasiƙar nan ta iske, don Allah, don Annabi, kada ya ɓoye ta ƙarƙashin matashi.

Sauran a gurguje: an biya kuɗin zaure, makarantar Asabar ta yara na nan, kuɗin wata kuwa kun san kanku, daga asusun nan za a biya lauyan. Ma'aji yana bakin ƙofa da littafi.

Malam Liman, bayan Azahar ka zauna da samari ka biya musu addu'ar nan har su riƙe. Masu sunan kamfani, ku same ni kafin a zuba abinci. Saura masa ƙasa da kwana 40.