Daga Baƙo Zuwa Ɗan Unguwa: Neman Jama'a da Kwanciyar Hankali a Akra

Assalamu alaikum masu kallonmu. Bahaushen da ya sauka a Akra, babban birnin Gana, wanda dattawanmu suke kira Ankara, yakan sha mamaki tun a ranar farko. Yana shiga Nima ko Mamobi zai ji mai koko tana ciniki da Hausa, ya ga ƙosai da tsire a bakin titi, ya ji kiran salla ta kowace kusurwa, har ya ɗauka bai bar gida ba. Bayan mako biyu ko uku kuma sai ya tarar da kansa shi kaɗai a ɗaki bayan sallar isha, a garin da babu wanda ya san sunan mahaifinsa, babu kuma wanda zai lura idan ya kwana biyu bai fito ba. Shirinmu na yau zai duba yadda mutum yake fita daga wannan hali, ko ɗan kasuwa ne daga Kano, ko ɗalibi daga Yamai, ko amaryar da aure ya kawo.

Abu na farko da ya kamata baƙo ya sani shi ne, unguwannin da ake kira zango a Gana an kafa su ne tun asali saboda mutum irinsa. Zango shi ne wurin da ayari yake yada kaya ya huta. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro sun daɗe suna sauka a garin Salaga da ke arewacin Gana, kuma bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, kasuwa ta karkata kudu, mutane suka bi ta zuwa Kumasi da bakin teku. A farkon ƙarni na 20 Malam Bako ya kafa Sabon Zango a Akra, aka kuma kafa Madina a 1959. A tsarin fatauci na wancan zamani, falke ba ya shiga gari kai tsaye ya kama ciniki. Yana da maigida, wanda zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Amanar maigidan ita ce jarin baƙo har ya samu tasa.

Wannan tsari ya sauya kama, amma bai mutu ba. Har yau a zango ana tambayar baƙo wurin wa ya sauka kafin a tambaye shi sana'arsa. Saboda haka muna ganin babban kuskure ne mutum ya biya kuɗin ɗaki ta hannun dillali, ya shiga ya rufe ƙofa, yana jiran jama'a su neme shi. Abin da ya dace shi ne ya nemi wani dattijo ko makwabci ya kai shi ya gaida limamin masallacin layinsu da mai unguwa, ya faɗi sunansa da garinsu da abin da ya kawo shi. Zango ba na Hausawa kaɗai ba ne, domin akwai Zabarmawa da Fulani da Dagomba da Mosi da Kotokoli da Wangarawa da Yarbawa, kuma galibin al'ummomin nan suna da sarakunansu. Wannan gaisuwa ba ta wuce rabin awa, amma daga ranar an san wanda za a tuntuɓa a kansa, shi ma ya san ƙofar da zai buga.

Daga nan sai maganar dawwama a wuri ɗaya, wadda a ganinmu ita ce ginshiƙin al'amarin. Mutane ba sa sabawa da wanda suke gani jefi-jefi. Wanda ya riƙe masallaci ɗaya, da mai shayi ɗaya, da mai wake da shinkafa ɗaya, wato abincin da mutanen Gana suka ari sunansa daga Hausa suke kira waakye, zai ga cewa a makon farko ana amsa masa sallama ne kawai, a na uku an fara tambayarsa aiki, kafin wata biyu kuma an soma cigiyarsa idan ba a gan shi a sahu ba. Zuwa babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, abu ne mai daɗi ranar Juma'a, amma a cikin dubban mutane babu mai gane baƙo. Ƙaramin masallacin lungu shi ne yake sanin fuska. Samari kuma suna da majalisunsu na shan shayin ataya, waɗanda suke kira bes, sai dai ya kamata mutum ya zauna ya saurara na ɗan lokaci kafin ya riƙi wata majalisa, domin da sunanta za a riƙa auna shi.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma a zango ana auna ta da halartar sha'ani. Bikin suna da ɗaurin aure suna da muhimmanci, amma jana'iza ta fi su nauyi. Baƙon da ya bi gawa zuwa maƙabarta, ya dawo ya zauna a wurin ta'aziyya alhali bai san mamacin ba, iyalan gidan ba sa manta shi. Ga mata kuwa, musamman wadda miji yake fita tun asuba ya bar ta a gidan haya cikin mutanen da ba ta sani ba, kaɗaicin ya fi tsanani, kuma sau da yawa ba a ganinsa. Makarantar Islamiyya ta matan aure da ƙungiyoyin biki da adashi, wanda a nan ake kira susu, su ne hanyoyin da aka saba bi. Haƙƙi ne a kan maigida ya buɗe mata wannan hanya da kansa, ya haɗa ta da wata dattijuwa a unguwar da za ta zama mata uwa. Game da adashi dai, a fara da ƙaramin zubi, kuma da mutanen da aka san gidajensu.

Akwai wani ƙaramin abu da yake ɓata wa baƙi da yawa dangantaka ba tare da sun sani ba. Hausar Gana tana da nata salo: a bakin mutane da yawa "ya zo" yana iya nufin namiji ko mace, kuma kalmomin Turanci da na Twi, harshen Asante da danginsu, sun shiga cikinta. Baƙon da ya riƙa gyara wa mutane magana, ko ya yi musu dariya, yana rufe wa kansa ƙofa, domin wannan Hausa ce da ta haɗa ƙabilu masu yawa fiye da shekara ɗari.

Hankali kuma ba ya kwanciya idan masauki da takardu ba su daidaita ba. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi kuɗin gaba na fiye da wata shida, amma masu gidaje da yawa suna neman na shekara ɗaya ko biyu, don haka kada a biya ko sidi ɗaya, wato kuɗin Gana, sai da rasit da yarjejeniya a rubuce da shaidu. A kuma tambayi makwabta yadda layin yake da damina, domin ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ta nuna abin da ruwa yake iya yi a Akra. Ɗan ƙasar ECOWAS yana shiga ba biza ya zauna har kwana 90, bayan haka yana bukatar izinin zama daga hukumar shige da fice da katin shaida na baƙi. Dattawan zango ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, shi ya sa ba sa wasa da wannan magana.

Ba ma son a fahimci cewa zango shi ne iyakar duniyar baƙo. Akra garin ƙabilar Ga ne, kuma kafin bikinsu na Homowo sukan hana kiɗa da hayaniya har kusan wata guda, hanin da yake shafar lasifikokin wajen masallatai da coci-coci. Mutunta wannan, da koyon gaisuwa da Twi ko Ga, ko da "medaase" ce kawai ta godiya ga yaron motar haya ta trotro, yana sauƙaƙa zama da abokan aiki da makwabta. Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya je cocin Katolika na Christ the King a 2019 lokacin cikarsa shekara 100, kuma irin wannan zamantakewa ce baƙo ya tarar a ƙasar.

Duk da haka, kewar gida ba ta gushewa rana ɗaya, kuma ba alamar raunin imani ba ce. Kiran gida ta WhatsApp yana sanyaya zuciya, amma wanda ya kwana a waya da mutanen Zinder ko Sakkwato alhali bai san sunan makwabcinsa ba, kewarsa ƙaruwa take yi. Idan damuwa ta wuce mako biyu tana hana barci da cin abinci, mutum ya daina sha'awar abin da ya saba so, ko ya fara tunanin cutar da kansa, to lokacin ganin likita ya yi, tare da addu'ar da yake yi. Gana ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2012, akwai asibitin wannan fanni a cikin Akra da kuma na Pantang a wajen birnin, sannan asibitocin gwamnati da dama suna da sashen da ake ganin irin waɗannan marasa lafiya. Yana da kyau a je ofishin inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIS, a yi rajista tun ana da lafiya, a kuma ajiye lambar mutum biyu na unguwa waɗanda za a iya kira da tsakar dare su raka mutum asibiti.