Naɗi Ɗaya Ko Biyu: Hira Kan Taransfoma

Zainab: Masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Injiniya, wani ya aiko da tambaya, wai me ya raba oto-taransfoma da taransfomar da kowa ya sani?

Injiniya Musa: Idan kika buɗe ta gargajiyar, naɗin waya biyu za ki gani a kan ƙarfe ɗaya. Wuta na shiga na farko, ta fita ta na biyu, amma wayoyin ba su taɓa juna ko kaɗan. Maganaɗisu ne ke kai saƙo tsakaninsu, abin da Michael Faraday ya gano tun 1831. Ita kuwa oto, naɗi ɗaya ne tak. Sai a jawo waya daga wani wuri a jikinsa, nan ce mafita.

Habu: Wato an yi rowar jan ƙarfe ke nan.

Injiniya Musa: Tsimi dai, Habu! A ce za ka sauke bolt 230 zuwa 115. Rabin ƙarfin wutar ne kawai zai bi ta maganaɗisu, rabin ya wuce kai tsaye ta waya. Don haka oto mai ɗaukar wat 1000 girmanta bai wuce na gargajiya mai 500 ba. Ga sauƙin nauyi, ga arha, zafin da take ɓarnatarwa ma kaɗan ne.

Zainab: To me ya hana a watsar da mai naɗi biyun?

Injiniya Musa: Yauwa, nan gizo ke saƙar. Tunda waya ɗaya ce, babu katanga tsakanin shiga da fita. Idan ɓangaren naɗin da suke tarayya a kai ya tsinke, 230 ɗin nan gaba ɗaya zai faɗa kan na'urar da aka ƙera don 115. Ko kuma a juya fulogi, waya mai wuta ta koma gurbin nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. Na'urar za ta yi aiki lafiya lau, mita ta nuna maka 115, alhali tsakanin ɗaya wayar da ƙasa 230 ne cur.

Habu: Subhanallahi. Kuma ba alamar da mutum zai gani?

Injiniya Musa: Babu. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga mai gyara ya jona Variac, oto ɗin nan mai mariƙin murɗawa, ya rage wuta ya saki jiki yana taɓa ciki da hannu. Rage wuta ta yi, ba ta raba shi da layin ba.

Zainab: A ina take da amfani ke nan?

Injiniya Musa: Inda bolt ɗin shiga da na fita ke kusa da juna. A Birtaniya da ita ake haɗa layin kilobolt 400 (wato bolt dubu 400) da na 275. Tana cikin sitabilaiza da yawa, ana tayar da manyan injina da ita, layukan jiragen ƙasa masu gudu a Japan da Faransa ma suna aiki da ita. Amma daga bolt 11,000 zuwa 400 na gidaje? Tsimin bai kai kashi 4 cikin ɗari ba, kuma waya ɗaya ta tsinke, dubu goma sha ɗaya ta shigo ɗaki.

Habu: A'a, wannan kam a bar mana mai naɗi biyu. Malama Zainab, karanto tambaya ta gaba.