Liƙin wayar jitar lantarki: wane ayan za ka ɗauka?

To jama'a barkanmu da warhaka. Wannan jitar da kuke gani a kan tebur, da an jona ta da amfilifaya sai ƙugi kawai, zzzz. Na buɗe ta, ashe wayar atin ce ta ɓalle daga bayan folum, wato abin murɗawan nan na ƙara ko rage sauti, ga ta nan tana lilo.

Mu fara da ayan ɗin liƙi, don a nan ake yawan tafka kuskure. Mutum ya ji tsoron kar ya ƙona kaya sai ya je ya sayo ɗan ƙaramin nan mai wat 15 ko 25, alhali shi ne ma zai ƙona maka. Bayan folum ƙarfe ne mai faɗi, shanye zafi yake yi, ka ɗora ƙaramin ayan kana jira kana jira dalma ta ƙi narkewa, shi kuma cikin folum ɗin yana can yana dahuwa, gobe ka murɗa ka ji yana ƙarar-ƙarar. Nemi mai wat 40 zuwa 60, in da hali wanda ake saita zafinsa irin na kamfanin Hakko ko Weller, ka ajiye shi wajen digiri 350 zuwa 370. Bakinsa kuma ya zama mai faɗi kamar na sukundireba, mai tsinin nan na masu gyaran waya bar musu abinsu.

Dalma kuwa 60/40 mai rosin a ciki, wato ƙaron da ke taimaka mata ta kama ƙarfe, kashi 60 kuza 40 tsantsar dalma, tana narkewa tun wajen digiri 190. Ta masu aikin famfo mai asid, wallahi kar ka kusanto da ita, cinye waya take yi a hankali. Ka buɗe taga, in ka gama ka wanke hannu kafin ka ci abinci.

Yanzu ku duba. Na shimfiɗa tsumma a jikin jitar, ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata fenti. Na ɗan goge bayan folum da sanfefa har ya yi haske, na shafa masa dalma kaɗan, bakin wayar ma na shafa mata tata daban. Sai na haɗa su na danna ayan a kai, ɗaya, biyu, uku, kun ga yadda ta kwanta kamar ruwa? Na ɗage. Kar ka hura da baki, kar hannunka ya motsa sai ta daskare, nan ne dai haƙuri ke ƙare wa mutane.

In ta fito sumul tana sheƙi, ta kama. In ta dunƙule kamar ƙwallo, ta yi toka-toka, sake ta, ko da yanzu tana ba da sauti watarana a tsakiyar biki za ta ba ka kunya.

Kafin in mayar da murfi bari in jona, in ƙwanƙwasa fikof, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, da sukundireba. Ƙwas, ƙwas. Ƙugin ya tafi, miƙo min sukurorin can.