Me ya sa kowane birni yake da tasa gangar? Hip-hop a idon malaman Frankfurt

Ku ɗan rufe ido, ku kasa kunne. Kiɗa uku zan saka muku, kowanne daƙiƙa goma.

[Kiɗa na farko: busasshiyar ganga mai kaifi, ana jin ƙarar tsohon faifai a ƙarƙashinta.]

[Na biyu: komai a hankali, muryar mawaƙin ta yi kauri kamar rediyon da batirinsa ya kusa mutuwa.]

[Na uku: wata 'yar ƙara mai sauri kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, da gurnani mai girgiza ƙirji.]

Wanda ya daɗe yana jin hip-hop, wato gambarar zamani, ba sai an gaya masa ba. Na farko New York, na biyu Houston, na uku Atlanta. Babu wanda ya ambaci sunan gari, amma kunne ya gane. To ta yaya birni yake samun murya? Ruwa dai ba ya tsami banza. Kuma waɗanda za su taimaka mana mu gano abin da ya tsamar da shi wasu Jamusawa ne da galibinsu suka mutu ba su taɓa jin hip-hop ba. Ɗaya daga cikinsu ma da ya ji, da ya toshe kunne.

[Tsohon hoton birnin Frankfurt.]

A shekarar 1923 aka kafa wata cibiyar nazarin zamantakewa a Frankfurt, a ƙasar Jamus. Max Horkheimer ya karɓi shugabancinta a 1930, kuma shi ne a 1937 ya raɗa wa aikinsu sunan da za mu fassara da ra'in bin ƙwaƙƙwafi. Maganarsa a taƙaice ita ce: akwai malamin da zai dubi al'umma ya ce ga yadda take, ya rufe littafi. Akwai kuma wanda zai ƙara da tambaya. Wa ya mai da ita haka? Wa yake cin riba idan ta zauna haka?

Ga misali na kusa. Ka je wurin shaƙatawa a wani babban birni, ka ga dogon benci an gitta masa ƙarfe biyu a tsakiya. Kai a ganinka wurin ɗora hannu ne. Zauna ka gwada miƙewa, sai ka ga ba dama. An yi shi ne don kada wanda ba shi da wurin kwana ya kwanta a kai. Ba a kafa allon gargaɗi ba, ba a ajiye ɗan sanda ba, ƙarfen ya isar. Duk inda ka ji an ce maka "ai haka abin yake", nan ne mai bin ƙwaƙƙwafi yake tsugunawa ya fara tono.

Da Hitler ya hau mulki a 1933 aka rufe cibiyar, malamanta, waɗanda yawancinsu Yahudawa ne, suka tsere. Horkheimer da abokinsa Theodor Adorno suka ƙare a Los Angeles, dab da Hollywood. Ka ga mutanen da suka baro ƙasar da aka yi amfani da rediyo da silima aka juya kan jama'a, sun faɗo garin da ake ƙera nishaɗi kamar ana ƙera mota. Nan suka fito da kalmar "masana'antar al'ada". Adorno ya ce waƙoƙin yayi duk a injin guda ake buga su, sai a ɗan sauya ado don kowane mai saye ya ɗauka shi ya zaɓa da kansa. Ba cinya ba, ƙafar baya.

Ni dai ina da ƙorafi a kan Adorno. Mutumin ya raina jaz, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, raini irin na wanda bai zauna ya saurara ba. Yana kallon mai sauraro kamar tulu, abin da aka zuba masa shi zai riƙe. Da ya ƙara shekara huɗu a duniya, don a 1969 ya mutu, da wani ɗaki a Bronx, wani yanki na birnin New York, ya ba shi amsa.

[Hoton dogon gini, lamba 1520, titin Sedgwick.]

Ranar 11 ga Agusta, 1973, wata yarinya mai suna Cindy Campbell ta haɗa casu a zauren taro na wannan gini don ta tara kuɗin sayen kayan komawa makaranta. Mata su biya senti 25, maza senti 50. Yayanta Clive, wanda aka sani da DJ Kool Herc, shi ne a kan faifai. Herc ya lura cewa masu rawa sun fi haukacewa a daidai ɗan wurin da mawaƙi ya yi shiru, ganga ta rage ita kaɗai. Wurin nan 'yan daƙiƙu ne. Sai ya samo faifai biyu iri ɗaya ya ɗora a na'ura biyu, wannan na ƙarewa ya koma wancan, ya ja na farko baya, haka haka har 'yan daƙiƙun nan suka zama mintuna.

Ku lura da abin da ya faru. Kamfani ya ƙera na'urar ne don ka zauna ka ji abin da ya sayar maka. Yaro ya mai da ita abin kiɗa.

Me ya sa a Bronx? Tun 1948 aka fara yanka wata babbar hanya ta ratsa tsakiyar yankin, ƙarƙashin jagorancin Robert Moses, babban jami'in tsara birnin, aka tashi dubban iyalai. Masu hali suka kwashe suka bar wurin. Masu gidajen haya da dama suka ga kuɗin inshora ya fi kuɗin haya, gine-gine suka riƙa kamawa da wuta. A 1975 birnin New York kansa ya kusa tsiyacewa, aka zaftare kuɗin makarantu da na ma'aikata. Yaron da ba shi da kuɗin sayen fiyano yana da tarin faifan iyayensa, kuma a filin unguwa akwai fitilar titi da za a buɗe gindinta a jawo wuta. Wannan busasshiyar gangar da kuka ji da farko, daga nan ta fito.

Wanda ya fi Adorno fahimtar irin wannan shi ne Stuart Hall, malami a Birmingham ta Ingila. Abin sha'awa, shi da Herc duk a Kingston ta Jamaika aka haife su. A shekarar casun nan, 1973, Hall ya rubuta cewa mai aika saƙo ba shi ke da ta cewa ta ƙarshe ba. Mai karɓa yana iya haɗiyewa yadda aka ba shi, yana iya karɓar rabi ya watsar da rabi, yana kuma iya juya saƙon ya karanta shi a baibai.

[Hoton manyan tituna, motoci na tafiya sannu cikin dare.]

Mu gangara Houston, jihar Texas. Ɗan New York a jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa yake yawo, ko a ƙafa, cikin cunkoso. Houston kuwa gari ne shimfiɗaɗɗe, ga zafi, ga nisa, in ba ka da mota kamar ba ka da ƙafa. Kiɗan da za a ji cikin mota ba irin wanda za a ji a kunne ana sauri ba ne. A farkon shekarun 1990 wani matashi, DJ Screw, ya fara rage gudun faifai har murya ta yi nauyi, yana yanka baiti yana maimaita shi. Yana ɗauka a kaset, yana sayarwa dala 10 daga ƙofar gidansa, da yamma motoci su yi layi a titin. Babu kamfani a tsakani, babu gidan rediyo. Samarin unguwa su zo su yi baiti a kai, su ambaci sunan layinsu da abokansu da suka mutu.

Kada mu yi masa kwalliyar da ba tasa ba. Wannan salo ya tafi kafaɗa da kafaɗa da shan maganin tari mai kodin, kuma shi ne ya yi ajalin Screw a Nuwamban 2000, yana ɗan shekara 29.

Duk wannan lokaci New York ba ta ɗauki Kudu, wato jihohin kudancin ƙasar inda Houston da Atlanta suke, a bakin komai ba. Can mujallu suke, can kamfanoni suke, don haka kunnen New York ya zama ma'auni. Mai lafazin Kudu ana masa kallon baƙauye. Antonio Gramsci, ɗan Italiyan da shugaban ƙasarsa Mussolini ya ɗaure a 1926, ya yi dogon rubutu a kurkuku kan irin wannan mulkin da ba ya buƙatar bulala: ka sa mutum ya auna kansa da mudunka, har in ya gaza ya ga laifin kansa. A Agustan 1995, a bikin ba da kyaututtuka na mujallar The Source a New York, aka kira OutKast, samari biyu 'yan Atlanta, su karɓi kyautar sababbin mawaƙa. Zaure ya ɗauki yi musu ihu na raini. Ɗaya daga cikinsu, André 3000, ya riƙe makirfo ya ce musu Kudu ma tana da abin faɗa. Cikin shekara goma Atlanta ta zama alƙiblar harkar.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, kuma a nan ne dole mu ba Adorno haƙƙinsa.

A 1996 Amurka ta yi sabuwar dokar sadarwa. Kafin ita, kamfani ɗaya ba ya wuce gidajen rediyo 40 a faɗin ƙasar. Dokar ta cire wannan iyaka. Cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel kaɗai ya mallaki sama da 1,000. Mai gabatar da shiri da a da zai karɓi kaset daga hannun yaron unguwa ya saka, yanzu jerin waƙoƙi ake turo masa daga hedikwata. Manyan kamfanonin waƙa kuma suka gane cewa lafazin da suka raina haja ne. A 1998 Universal ta ƙulla yarjejeniya ta kusan dala miliyan 30 da Cash Money, wani ƙaramin kamfani na New Orleans. Su dai 'yan Cash Money sun yi wayo, sun riƙe mallakar waƙoƙinsu. Da yawa ba su samu haka ba, kuma kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski.

Ɗauki kalmar tiraf, sunan kiɗan Atlanta na uku da kuka ji. Asalinta sunan gidan da ake sayar da ƙwaya ne, ma'anarta kuma tarko. Mutanen da suka rasa mafita ne suka raɗa wa wurin suna. Yau wannan 'yar ƙara mai sauri tana cikin tallan takalmi da waƙoƙin matasan Koriya ta Kudu. An ɗauki gangar, an bar tarkon da mutanen da ke cikinsa. A 2017 alƙaluman kasuwar Amurka suka nuna hip-hop da danginsa sun wuce kiɗan rok, sun zama abin da aka fi saurara a ƙasar.

Yanzu ciro wayarka. A manhajar sauraron waƙa ta Spotify, sai ka saurari waƙa daƙiƙa 30 kafin a ƙirga ta a matsayin an ji, kafin ta kawo wa mai ita kuɗi. Mawaƙi ya san da haka. Shi ya sa doguwar shimfiɗa ta ragu, amshi yake zuwa da wuri, waƙa take gajarcewa. In waƙa ta kama ka tun a daƙiƙa biyar na farko, wani ya zauna ya lissafa hakan. Wannan ma ƙarfen benci ne, sai dai shi a kunne aka gitta shi.

Akwai kuma inda tambayar "wa ke saurare" take zama maganar ɗauri. A shari'ar Young Thug, mawaƙin da aka tuhuma a Atlanta a 2022, alƙali ya yarda masu gabatar da ƙara su kawo wasu baitocinsa a matsayin shaida. Ba ina cewa duk mawaƙin da aka kama wankakke ba ne. Amma marubucin da ya kashe mutum goma a cikin littafinsa, ba a cika kiransa kotu ya yi bayani ba. Shi an yarda ƙirƙira yake, wannan kuwa an ɗauka ikirari yake. A shekarar 2022 ɗin jihar Kalifoniya ta yi dokar taƙaita amfani da baitoci a kotu, alamar su ma sun ga akwai lauje cikin naɗi.

Saura kiɗa ɗaya. Ku sake rufe ido.

[Kiɗa na huɗu: gurnani mai zamewa sama da ƙasa, ganga tana tsalle, murya a dushe.]

Wannan na wane gari ne? Sunan salon diril, a kudancin Chicago aka haife shi wajen 2011. Samarin kudancin Landan suka ɗauka suka sauya masa ganga, har a 2018 'yan sandan Landan suka sa YouTube ta sauke wasu bidiyoyinsu. A YouTube ɗin dai wani matashi ɗan Brooklyn ta New York, Pop Smoke, ya tsinci kiɗan wani ɗan gabashin Landan, ya hau kai, abin ya dawo New York da baƙon lafazi. Gurnanin da ke ƙarƙashi kuwa jikan wata na'urar kiɗan ganga ce ta kamfanin Roland na Japan, TR-808, wadda ta fito a 1980, ta ƙi kasuwa saboda an ce ba ta yi kama da gangar gaske ba, aka daina ƙera ta bayan an yi kimanin guda 12,000, sauran suka koma shagunan kayan gwanjo, inda yaran da ba su da kuɗin sabuwa suka same su.