Batirin da ya yi shekara biyar yana yi mini ƙarya, yau na ɗora shi a sikeli

Jama'a assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da hayaniyar nan, a tsakiyar kasuwa nake, ba wurin da zan raɓe. Yau daga Shenzen ta ƙasar Caina nake muku magana, unguwar kasuwar kayan lantarki da ake rubutawa Huaqiangbei, a baki kuma wai Huwa-cang-bei. Kwana uku ina gwada faɗinta, har yanzu in na faɗa direban tasi sai ya juyo ya kalle ni. Da safe na taso daga Gwanzu a jirgin ƙasa mai gudun tsiya, minti 30 da 'yan kai, yuwan 70 da wani abu a kuɗin Caina. Ban gama shan shayina ba aka ce mun iso.

To ku dubi hannuna. Batir biyu ne, tsayinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya. Wannan jan da shi na zo daga gida, a cikin tocilata yake tun shekara biyar da suka wuce. Ku karanta jikinsa: 9900 mAh, wato awon yawan cajin da yake ɗauka. Wannan kuma yanzu na saye shi yuwan 18, an rubuta 3500 kawai. Da a ce jiya aka ajiye mini su aka ce zaɓi ɗaya, wallahi jan zan ɗauka, har in yi wa mai shagon dariya.

Matar da ke wannan teburin, ga ta can tana cin taliya da tsinke, ita ta buɗe mini ido. Na miƙa mata jan na ce irinsa nake so. Ta karɓa, ta ɗan jinjina shi a tafin hannu, ta yi murmushi, ta jawo ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal. Ta ɗora nawa: giram 26. Ta ɗora nata: giram 47. Ba ta ce uffan ba, don dama ba ma jin yaren juna, da waya muke fassara. Sai ta saka nawa a wata na'urar gwaji ta nuna mini agogo, wato in je in dawo. Na je na yi azahar na zaga na dawo. Abin da na'urar ta nuna bai kai 700 ba. Ta rubuta a wayarta ta juyo mini da ita, fassarar ta fito: "A wannan girman babu 9900." Masu gaskiyar, na Panasonic da LG da Samsung, a wajen 3500 suke tsayawa. Duk wanda ya rubuta maka dubu tara, fenti ya sayar maka.

Shekara biyar fa! Kullum tocila ta mutu kafin a kawo wuta ina zagin tocila, ina zagin caja. Har ƙanina na taɓa tuhuma da cewa shi yake kunna ta da rana. Ɗan'uwa in kana kallo, ka yafe mini, ashe ba kai ba ne.

Ta kuma nuna mini wani da aka fasa. Ciki wani ɗan mitsitsin batir ne kamar ƙaramin yatsa, sauran wurin an cike shi da wani gari don ya yi nauyi. Wasu kuma tsofaffin batiran kwamfutar cinya ne ake ɓarewa a sake musu riga. Ku juya gindinsa, in kun ga ɗige-ɗigen walda ko alamar an goge da fayil, to ya taɓa aure.

Lambar nan 18650 da nake gani a jikin irin batirin nan shekara da shekaru, na ɗauka lambar kamfani ce. Ashe awo ne kawai: kauri milimita 18, tsayi milimita 65. Haka wannan mai kamar kwabo da ke cikin makullin mota da na'urar awon sukari, CR2032, faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2. Da ka gane wannan, kasuwar gaba ɗaya ta zama karatu. Ga 21700 babban yaya, ga 16340 ɗan guntu, ga 14500, ga 10440 siriri. Duk a tebur ɗaya da bai fi tabarmar sallah ba. Ni da na taɓa yini guda ina yawo tsakanin Sabon Gari da Farm Center a Kano ina neman batirin CR123A ƙwaya ɗaya tak, kowa na ce mini in dawo jibi. Ba raina kasuwarmu nake ba, a gyaran waya kam yaran Farm Center ba sa jin tsoron kowa, na ga masu gyara a nan kuma ban ga abin da suka fi su ba in ban da kayan aiki. Amma zancen samun kaya, gaskiya nan duniya ce daban.

Yauwa, 14500 ɗin nan. Ku tsaya in ba ku labarin wautata, don kada wani ya maimaita. Girmansa daidai yake da batirin AA da muke sa wa rediyo da rimot. Daidai, ba ƙari ba ragi. Zuwana na farko na saye su biyu ina murna na huta da sayen batir, na koma masauki na zura su a 'yar rediyon da na zo da ita. Batirin AA bolt 1.5 ne, wato awon ƙarfin wutarsa. Wannan 3.7 ne, in ya cika caji ma 4.2. Wato rediyon da ke son bolt 3 na ɗura mata sama da 8. Ta yi wata 'yar ƙara "tsit", sai wari. Rediyon nan ta raka ni Kwatano, ta raka ni Dubai, a Gwanzu ajalinta yake. Shiga ramin batir ba shi ne dacewa ba, ku duba bolt ɗin tukuna.

Wanda ya burge ni har na saki baki shi ne wannan. Ku matso ku gani. Girman AA ne, litiyam ne a ciki, amma an sa masa 'yar na'ura da ke sauko da wutar zuwa 1.5, kuma ga ramin caji a jikinsa irin na waya. Ka cire shi daga rimot, ka soka masa igiyar cajin wayarka, shi ke nan. Huɗu na ɗauka yuwan 40 ba tare da na yi wani dogon ciniki ba, abin da ba halina ba ne. Abokin tafiyata, wani Alhaji ɗan Damagaram da ya shekara goma sha yana zuwa nan, har ya harare ni ya ce, "Kai yaro, haka ake saye? Ka zubar mana da mutunci."

Ina riƙe da abin nan sai na tuna gida. Muna yara batirin Tiger ne sarki, manya-manyan nan masu kan damisa. In ya yi sanyi Baba ya shanya shi a rana a kan katanga, da yamma a mayar a ji labaran duniya. In ya mutu murus mu fasa mu ciro baƙin abin da ke cikinsa mu goge allon makaranta da shi. Sai da na zo ƙasar nan na san cewa kamfanin Tiger Head ɗin a Gwanzu yake, garin da nake kwana. Ashe tun ina tsumma nake hulɗa da garin nan ban sani ba.

Abin da ke ɗan sosa mini rai kuma, dutsen da ake ciro litiyam ɗin har a ƙasarmu akwai shi. A watan Mayun 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi a jihar Nasarawa, kuma ta kamfanin 'yan Caina ce. A haƙa a wurinmu, a hau teku da shi, ya dawo mana a cikin jar riga an rubuta 9900. To, Allah ya kyauta. Ku bar ni da wannan, kada in ɓata bidiyon.

Masu shirin zuwa saro, ga abin da na gani da idona. Kada ka kuskura ka zuba batiran nan a akwatin da za a auna a shigar cikin jirgi. A jakar hannu ake riƙe su, kowanne a cikin 'yar robarsa ko a manne bakinsa da salatif. Tun ranar 28 ga Yunin 2025 kuma, a jiragen cikin gida na Caina ba a barin fawa-bank da ba shi da tambarin CCC, harafin C uku a jere. A filin jirgi na ga kwando cike da su, na mutane da aka ƙwace, wasu sababbi fil. Masu kago ma, wato masu aiko da kaya, da ka ce kayanka da batir sai su ware shi gefe, kuɗinsa daban ne. Kada ka ɓoye musu don ka rage 'yan kuɗi, abin nan in ya kama da wuta ba ya jin lallashi.

Kada kuma ka jefa shi tsirara a aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi. Kada ka bar shi a mota a rufe a zafin Afrilu na Kano. In rigarsa ta yage, ko a sake masa wata ko a rabu da shi. Batiran da aka sa wa 'yar na'urar kariya a kai sun fi tsayi kaɗan, wasu tocilolin ba sa rufuwa da su, don haka ka zo da tocilarka a gwada a gabanka.

Iyaye mata, wannan taku ce, kuma ba wasa nake ba. Mai kamar kwabon nan yana sheƙi, yaro na ganinsa sai baki. In ya maƙale a maƙogwaro, cikin awa biyu yana iya ƙona hanyar abinci, ko da wanda kuke ganin ya mutu ne. Shi ya sa Duracell suke shafa wa nasu wani abu mai ɗaci. In yaro ya haɗiye, ba a jiran gari ya waye, ba a ce a ba shi manja ya fito, asibiti kai tsaye.

Ɗazu kafin in kunna kyamara na kira Baba ina ta zuba. Na ce, "Baba, na samo muku tocilar zuwa masallaci da asuba, ba ruwanku da sayen batir, caji kawai, sai ta yi sati." Ya yi shiru yana saurare har na gama, sannan ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka. Amma ɗan nan, tunda ka ce kana garin masu kan damisa, ka taho mini da katan ɗaya. Rediyona ba ta san caji ba."

Don haka gobe in na koma Gwanzu aikin da ke gabana ke nan. Yanzu dai yunwa nake ji, Alhaji ya hango shagon taliyar Musulmi mai koren allo a tsallake, ga shi can har ya fara tafiya ya bar ni da kaya.