Kariya a tukunya: yadda ake dasa ta, da abin da ke kashe ta

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da yamma. Yau darasinmu a kan kariya yake, ɗan itacen nan mai ƙaton gindi da ke yin fure ruwan hoda da rani, lokacin da ko ganye babu a jikinsa. Dattawa kan haɗa ta da karin maganar nan, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. To kariya kam tana 'ya'ya, ba kasafai ba ne dai, kuma biyu-biyu suke fitowa kamar ƙahon sa.

Ni abin da ke damuna shi ne yawan kariyar da ke mutuwa a gidajenmu, kuma ba ƙishirwa ke kashe ta ba. Ruwa ne. Wannan gindin da kuke gani a kumbure rumbun ruwa ne, ta riga ta yi tanadinta. Idan ana kwarara mata ruwa safe da yamma, saiwar sai ta ruɓe tun daga ƙasa, kafin ka ankara gindin ya yi laushi kamar ruɓaɓɓiyar gwanda.

Saboda haka a fara da tukunya. Ta ƙasa ta fi ta roba, kuma lallai a huda gindinta. A zuba yashi mai tsakuwa kashi 2, ƙasar lambu kashi 1, sai ɗan takin awaki da ya ruɓe sosai. Ban da laka.

In reshe za ka dasa, yanko mai tsawon taƙi ɗaya, ka ajiye shi a inuwa kwana 3 zuwa 5 bakin yankan ya bushe. Kada ka soke shi a ƙasa ɗanye. Amma ku sani, wadda aka shuka daga iri ita ce ke yin gindi mai kyan gani, kuma sabon iri yakan tsiro cikin mako guda.

Ban ruwa fa? Ka tura yatsa cikin ƙasar. In da danshi, bar ta. Da bazara sau 1 ko 2 a mako ya isa. Da hunturu in ta zubar da ganye kada hankalinka ya tashi, hutu take yi, sai a ƙara rage ruwan. A watan Agusta kuwa, da ruwa ya yi marka, a janye tukunyar daga bakin indararo. Rana dai tana sonta, aƙalla awa 6 kullum, in babu ba za ka ga fure ba.

Iyaye mata, don Allah ku saurara. Ruwan da ke fita jikin kariya dafi ne, har dafin kibiya ake yi da shi. In kun yanke ta ku wanke hannu da sabulu, ku wanke wuƙar, kuma a ɗora tukunyar inda yaro mai rarrafe ba zai kai ba, ko akuya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba ƙwarin da ke taruwa a kan tohonta da yadda ake korarsu da ruwan ganyen darbejiya.