Ya shekara ashirin a gidan rediyo, me ya sa jami'a ba ta ɗauke shi lakcara ba?

Assalamu alaikum jama'a. Duk sanda wata jami'a ta fitar da tallar ɗaukar malamai a sashen Mass Comm, wato sashen koyon aikin jarida da sadarwa, sai maganar nan ta taso, wai ta yaya mutumin da ya shekara ashirin yana gabatar da shiri, muryarsa har a ƙauye an santa, za a ce bai cancanta ba, amma a ɗauki yaron da ya gama bautar ƙasa bara? Wasu su ce sai kana da hanya, wasu su ce hassada ce kawai. Toh ku ba ni mintuna kaɗan.

[Hoto: jerin muƙamai a allo]

Ga muƙaman nan, hawa bakwai: Graduate Assistant, Assistant Lecturer, Lecturer II, Lecturer I, Senior Lecturer, Reader, sai Farfesa a can ƙoli. Wannan kowa ya sani, mu wuce.

Inda ake samun ruɗani shi ne ƙofar shiga. Idan ka kai takardunka, abu na farko da za a duba shi ne digirinka na farko da sakamakon da ka fita da shi. Fas kilas ko 2:1, wato sakamako mafi girma ko mai bi masa, kana iya shiga a Graduate Assistant. Mai mastas Assistant Lecturer. Mai PhD kuma yawanci a Lecturer II yake farawa. Shekarunka na sutudiyo za su yi maka amfani a gaban kwamitin intabiyu, sosai ma, amma ba su ke yanke hawan da za a ɗora ka ba, takarda ce ke yankewa.

Kuma a nan ne 'yan uwanmu ma'aikatan rediyo da talabijin da yawa ke maƙalewa, domin yawancinsu ta kwalejin kimiyya da fasaha suka biyo, irin su Kaduna Poly, HND ce a hannunsu. Mai HND ba ya tsallakawa mastas kai tsaye sai ya yi PGD tukuna, wato difloma ta gaba da digiri, sannan ko ya gama mastas ɗin, jami'o'i da yawa a tallarsu sai ka ga sun rubuta suna son digirin farko mai kyau. Wallahi abin da ciwo, mutum ya ƙware ƙwarewa, amma layi ɗaya a talla ya fitar da shi.

[Hoto: aji cike da ɗalibai, malami a gaban allo]

To me ya sa suka tsaurara haka? Ku duba abin da ake koyarwa a ajin nan. Ba riƙe makirfo ake yi kullum ba, akwai ka'idojin sadarwa, akwai dabarun bincike, akwai dokokin aikin jarida, sannan kowane malami za a ba shi ɗaliban ajin ƙarshe ya duba musu furojet daga babi na ɗaya har na biyar. Ƙarin girma ma da rubuce-rubucen bincike ake samunsa, yawanci duk bayan shekara uku a duba me ka buga a mujallun ilimi, idan ka zo neman Reader ko Farfesa kuma takardunka wasu farfesoshi na wata jami'a za a aika wa su tantance. Sannan ga NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, idan ta zo tantance kwas tana ƙirga masu PhD nawa ne a sashen. Kenan shugaban sashe ko yana matuƙar son muryarka, lissafin da ke kansa daban ne.

[Hoto: sutudiyon rediyon jami'a]

Wannan bawan Allah da kuke gani a bayan mikisa yana nuna wa ɗalibai yadda ake daidaita sauti, sau da yawa ba lakcara ba ne, technologist ne, wato ma'aikacin fasaha mai kula da na'urori. Layinsa daban, tsarin albashinsa CONTISS, na malamai CONUASS, ƙungiyarsa NAAT ba ASUU ba. Ɗalibai dai duk "Malam" suke ce musu, kuma sun kyauta, amma a takarda ba hanya ɗaya suke bi ba, mutum zai iya shekara da shekaru a nan bai taka hawan malanta ko ɗaya ba.

Ni dai ra'ayina, tsarin nan yana jawo mana asara. A 2020, lokacin Farfesa Abubakar Rasheed na shugabantar NUC, an raba Mass Comm gida bakwai, aikin rediyo da talabijin ya zama digiri mai zaman kansa, haka aikin jarida, talla, hulɗa da jama'a, fim da sauransu. Toh wa zai koya wa yaro yadda ake karanta labarai kai tsaye idan labari ya canza ana tsakiyar shiri, in ba wanda abin ya taɓa faruwa da shi ba? Jami'ar Bayero tana da BUK FM, wasu ma suna da nasu, kayan aiki akwai daidai gwargwado. Ya kamata a riƙa jawo tsofaffin hannu suna koyarwa na wucin gadi, a kuma biya su kuɗi na mutunci a kan lokaci, kar ya tsaya a gayyatar lacca sau ɗaya a shekara a ɗauki hoto a watse.

Kai kuma ɗan uwa da ke gidan rediyo kana sha'awar koyarwa, nemi fom ɗin PGD, akwai jami'o'in da ke yin na ƙarshen mako, ba sai ka ajiye aiki ba. Ke kuma ƙanwata da ke aji biyu, sakamakon da za a duba ranar intabiyu tun yanzu ake tara shi, ki rage zaman sutudiyo lokacin jarrabawa. In Allah Ya sa aka ɗauke ku a jami'ar gwamnati, akwai tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na ƙaro karatun mastas da PhD, ta hannun jami'arku ake nema.